Zinariyar Jado Da Cibarakaten: Abin Da Ɗan Bida Ke Shigowa Da Shi Gida Ban Da Kuɗi

Da zarar an gama girbi an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, garuruwan Adar sai su koma na mata da tsofaffi da ƙananan yara. Duk wanda ya san Kalfu ko Barmu ko Takanamat ko Tamaske ko Kaita ya san wannan ba sabon abu ba ne. Ƙasa ce ta duwatsu da faƙo, damina gajera, abin da gona ke bayarwa kuma da wuya ya kai iyali wata daminar, don haka tun kaka da kakanni namijin Adar ya san hanyar bida kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Idan mai karatu bai manta ba, lokacin da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a kan tuddai, saboda mazan suna Abijan da Legas da Kamaru da Libiya.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne alƙiblar tafiyar. A watan Afrilu na 2014 labari ya bazu cewa an ga zinariya a Jado, can ƙuryar arewa maso gabashin jihar Agadas, kafin shekarar ta ƙare kuma aka sake ganin ta a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, daga baya kuma a cikin duwatsun Ayar wajen Tabelot. Samarin da a da kan nufi kudu sai suka juya arewa, suka bi hanyar nan ta Tawa zuwa Agadas da Arlit wadda aka shimfiɗa tun ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar ƙarfen uraniyom. Gwamnati ta rufe Jado a farkon 2017, amma hakan bai mayar da kowa gida ba, masu haƙa sun watsu ne zuwa wasu ramukan, wasu har Aljeriya da Libiya da Mali. Da aka ga zinariya a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi ma an yi tururuwa can, inda a watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta ya kashe aƙalla mutum 18 a rana guda.

'Yan kasuwa sun riga kowa sanin ranar da kuɗin zinariya ya shigo gari. Mai sayar da babur ya sani, mai kwanon rufi da siminti ya sani, haka mai katifa da gado da 'yan kayan ɗaki, da mai atamfa da leshi, har mai tuwo da mai fura a bakin tasha. Idan ka shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi ka ga saurayi da sabuwar waya yana taya akwati ba tare da dogon ciniki ba, to ba sai an gaya maka daga inda ya fito ba, kuma ba sai an gaya maka biki ya matso ba. Ba mu raina wannan kuɗi, domin ya rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun da gona ta gaza. Sai dai akwai wani kaya da ɗan bida kan shigo da shi gida wanda ba a sauke shi a tasha, shi kansa mai kayan sau da yawa bai san yana ɗauke da shi ba, wato ƙwayar cutar Sida, wadda wasu ke kira ƙanjamau.

Adar ta taɓa ganin irin wannan

Manyanmu da suka haura shekara hamsin ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da ake sauke mutum daga motar Abijan a rame, yana tari da gudawa, a shigar da shi ɗakin uwarsa, bayan 'yan watanni a ji rasuwa, bayan shekara biyu ko uku kuma matarsa ta bi shi, wani lokaci har da jinjirin da take goyo. A wancan zamani ne aka laƙaba wa cutar sunan kabari kusa. Ba kuwa abin mamaki ba ne, domin wani bincike da likitoci suka buga a 1990 ya nuna cewa a birnin Abijan Sida ce ta fi kowace cuta kashe maza baligai, kuma can ne dubban Adarawa ke kwana a ɗaki ɗaya su goma, suna tallar kaya da dako da gadi, ba tare da iyalansu ba. Ƙungiyar CARE har shiri na musamman ta yi domin 'yan bida, mai suna Sida en Exode.

A nan gida Nijar kuwa, a 1987 ne aka fara tabbatar da cutar a jikin mutum, kuma a Arlit ne, garin ma'adinai. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2002 ya nuna kashi 0.87 cikin ɗari na baligai suna ɗauke da ita, na 2006 ya nuna kashi 0.7, na 2012 kuma kashi 0.4. A binciken 2006 jihohin Agadas da Tawa duk sun haura matsakaicin ƙasa. Alhamdu lillahi lissafin ya yi ta sauka, kuma Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da cutar ta fi ƙaranci. Amma wannan lissafi na ƙasa yana ɓoye wani abu, domin cutar ba ta bazu daidai wa daida kamar ruwan sama ba, ta taru ne a wasu wurare. A binciken nan na 2002, cikin mata masu zaman kansu da aka auna, sama da kashi 25 cikin ɗari ne aka samu da ita, wato mace ɗaya cikin huɗu, a garin Dirku da ke kan hanyar Libiya kuwa abin ya kai kimanin rabi. Dirku ɗin nan ita ce zangon da matafiya Jado suka riƙa yada zango bayan shekara goma sha biyu.

To saurayin da yau yake cikin rami a Cibarakaten, akasari an haife shi ne bayan an daina sauke marasa lafiya daga motar Abijan. Bai ga kabari kusa da idonsa ba, wasan kwaikwayon faɗakarwa da ake yi a rediyo da dandali ya ragu, tallar kwaroron roba mai suna Foula da aka riƙa yi da 'yan kokawa ita ma a wurinsa labarin yara ne. Yana ganin cuta ce ta mutanen da, ko ta wasu ƙasashe.

Mu duba yadda rayuwar rami take, domin wanda bai san ta ba zai yi saurin yanke hukunci. Mutum ya bar gida wata shida, wata takwas, wani shekara biyu. Kullum yana sauka cikin rami mai zurfin mitoci da dama da igiya da fitila a goshi, ya san wanda suka ci abinci tare jiya ƙasa na iya rufe shi yau. Ba albashi yake ɗauka ba, mai rami ne ke ciyar da shi, sai an samu a raba, don haka yakan yi watanni ba ko dala a aljihu, rana ɗaya kuma ya wayi gari da jikkuna ɗaruruwa. Wasu suna haɗiyar taramol don su jure aikin. Babu uba kusa, babu ƙanin uba, babu limamin unguwa da zai ji kunyar haɗuwa da shi. A ramukan da ke tsakiyar hamada ma da wuya ka ga mace, saboda haka abin yakan faru ne a garuruwan da ake saukowa a niƙa dutse, a sayar da zinariya, a huta kafin a koma. Nan ne kuɗi ke haɗuwa da kaɗaici. Wani ya je gidan magajiya, wani kuma da yake ganin ya fi ƙarfin wannan sai ya ajiye mace guda a ɗakin haya yana ɗaukar nauyinta, ya ɗauka tun da ita kaɗai ce to babu haɗari, ya manta cewa ranar da ya koma rami ita ma tana da haya da ciki da za ta biya wa buƙata.

Wannan hali ba na Adarawa ba ne kawai, haka yake duk inda aka tara maza a wurin haƙar ma'adinai aka raba su da iyalansu. A Afirka ta Kudu, a garin zinariya na Carletonville, awon da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan rami suna ɗauke da cutar, cikin mata masu zaman kansu na kewayen kuwa kusan bakwai cikin goma. Wata mai bincike, Catherine Campbell, da ta daɗe tana tattaunawa da ma'aikatan, ta gano cewa yawancinsu sun san cutar sarai, sun san yadda ake ɗaukarta, sai dai mutumin da ke kallon mutuwa a rami kowace safiya ba ya jin tsoron ciwon da sai bayan shekara goma zai kwantar da shi. Lissafinmu bai kai ko kusa da nasu ba, Allah Ya kiyaye ya kai, amma masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma ciwon sanyi da tunjere da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Namiji ya ga yana fitsari da zafi ko ƙuraje sun fito masa, kunya ta hana shi zuwa gidan likita, ko ma babu likitan a kusa, sai ya sayi kafso biyu wurin mai tallar magani a faranti ya haɗiye, zafi ya lafa ya ce ya warke. Likitoci sun tabbatar cewa irin wannan gyambo da kumburi ƙofa ce da ƙwayar Sida ke samun sauƙin shiga da fita ta cikinta.

Matar da ba ta je ko'ina ba

Yanzu mu dawo gida, domin nan ne maganar ta shafi masu karatunmu kai tsaye. Ɗan bida ya sauka gab da damina ko gab da Sallah, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau. Mutanenmu har yanzu da ido suke awo, in mutum bai rame ba to lafiyarsa lau. Alhali ƙwayar takan zauna a jiki shekara biyar, takwas, har goma mutum yana noma yana dako ba alamar komai, kuma a makonnin farko da mutum ya ɗauke ta ne ma ta fi yawa a jininsa ta fi saurin yaɗuwa. Wato wanda ya tsaya ya yi sallama da bariki mako biyu kafin ya hau motar gida, a lokacin da ya fi haɗari ne yake shiga ɗakin matarsa ko na amaryarsa.

Wa ake aunawa a Adar? Mace. Tun da gwamnati ta sa awon ciki ya zama kyauta a 2006 mata suka ƙaru a gidajen likita, kuma cikin awon ciki akwai awon jini na Sida domin a kare jinjiri. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, don uwar da ba ta shan magani tana iya sa wa ɗanta cutar a ciki ko wurin haihuwa ko a nono, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari, idan kuwa tana shan magani yadda ya kamata abin yakan sauko ƙasa da 5. Amma ku dubi inda nauyin ya faɗa. Namijin da ya yi shekara a bariki ba wanda ya ɗauki jininsa, matar da iyakar tafiyarta rijiya da kasuwa ita ce ta fara jin sakamako, ita kaɗai a gaban ungozoma. Ta fito da takarda a hannu da tambaya a zuci: in na gaya masa, me zai ce? Ta san abin da zai iya cewa, cewa ita aka samu da ciwo don haka ita ta kawo shi, ga uwar miji, ga kishiya, ga takardar saki. Saboda haka mata da yawa sukan yi shiru, su ɓoye kwalbar magani a ƙasan kwalla ko cikin buhun kayan sana'a, wasu su daina zuwa karɓa don kada a gan su a layi, mijin kuma ya ci gaba da zama ba magani har ranar da zai faɗi. A ganinmu wannan zalunci ne da ba wanda ya shirya shi, amma kowa ya zuba masa ido.

Gaskiya ɗaya ce, ba kullum namiji ne ke kawowa ba. A can Afirka ta Kudu wani bincike na 2003 kan iyalan 'yan ci-rani ya samu cewa a cikin ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, kusan kashi ɗaya cikin uku macen ce mai ɗauke da ita. Matar da aka bari shekara biyu ba aike ba waya, da yara biyar da rumbu wayam, ita ma mutum ce, kuma akwai masu jiran irin wannan rana. Wata kuma daga auren fari ta taho da ita ba ta sani ba. Wannan ya sa neman wanda ya fara kawowa aikin banza ne, awon jini ba ya faɗin wa ya riga wani, abin da yake faɗa kawai shi ne wa ke buƙatar magani.

A gidan da ke da mata biyu ko uku kuwa lissafin ninkuwa yake. Miji ya rasu bayan doguwar jinya, a ce sammu ne ko iska ko shawara, matan su gama takaba, da yake zawarci ba ya daɗewa a ƙasarmu kowace ta yi sabon aure a wani gida mai wasu matan. Ba wanda ya yi alfasha a cikinsu, duk aure ne na sunna da sadaki da shaidu, amma ciwo ya ratsa gida uku.

Abin da ya bambanta yau da zamanin Abijan shi ne magani. Tun 2004 Nijar ta fara ba da maganin rage ƙarfin cutar kyauta, kuma ana samun sa a babban asibitin jiha da ke Tawa da asibitocin gundumomi, haka ma asibitin Galmi. A da sai jiki ya yi rauni ake fara ba mutum, amma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi nan take. Yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ta kashe cutar gaba ɗaya, sai dai tana danne ta har awo ya kasa ganin ta a jini, kuma manyan bincike da aka yi daga 2011 zuwa yau sun tabbatar cewa wanda ya kai wannan matsayi ba ya sa wa abokin aurensa. Yana noma, yana kasuwa, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Dokar ƙasa ta 2007 da wadda ta maye gurbinta a 2015 duk sun hana ma'aikacin lafiya tona asirin mai cutar, sun kuma hana a wulaƙanta shi. Akwai kuma ƙungiyar masu ɗauke da cutar, RENIP+, waɗanda suka san zafin abin daga ciki.

To tun da haka ne, me zai hana awon ya koma kan wanda ya yi tafiya? Ɗan bida in ya sauka yakan je gaida surukai, ya kai wa malam sadaka, ya biya bashin da iyali suka ci a kanti. A ƙara da zuwa gidan likita shi da matarsa tare, a ɗauki jinin yatsa, kafin a sha shayi sakamako ya fito. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne, awon ba ya ganin ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan, don haka wanda ya san ya yi ganganci a hanya sai ya sake awo bayan wata uku, a tsakanin nan kuma ya yi amfani da kwaroron roba. Mun san da yawa ba sa son jin sunan robar nan a gidan aure. Malamai sun yi gaskiya da suka ce tsare kai daga zina shi ne babban rigakafi, amma malaman nan dai su ne suka karantar da mu cewa cutar da wani haramun ne, balle matar da aka ba ka amana.

Maƙwabtanmu na Kano sun riga sun taka wannan mataki. Tun auren zawarawa da hukumar Hisba ta fara ɗaurawa a 2012 ba a ɗaura wa kowa sai an yi masa awo, a 2024 kuma jihar ta kafa doka cewa ba a ɗaura aure sai da takardar awon lafiya, har da na Sida da ciwon hanta da sikila. Mu a Adar ko ba doka iyaye suna da iko. Uwar ɗiya da ta yi shekara uku tana zubin adashi tana tara kwanoni da katifa, ta san kuɗin kowane kofi da ke cikin kayan ɗakin nan, ba ta rasa bakin da za ta ce wa waliyyi a kawo takardar likita kafin a sa rana. Idan aka mayar da shi al'ada ga kowa, ɗan zinariya da ɗan Abijan da malamin makaranta da wanda bai taɓa fita gari ba, saurayi da budurwa da bazawara, to ba wanda zai ce shi aka zarga. Mata 'yan kasuwa kuwa suna da abin da matar ƙauye mai jiran aike ba ta da shi, wato jarin kansu, kuma maganar da aka yi a wurin zubin adashi ko a rumfar mai kayan miya takan isa gidajen da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa shiga ba. Su ne kuma za su iya daina abin nan da muke gani, a ji ƙishin-ƙishin wance tana karɓar magani sai a daina sayen ƙosanta. Cutar ba ta bin abinci, ba ta bin kwano ko musafaha ko cizon sauro.

Kada kuma 'yan kasuwa su ɗauka maganar ta masu shiga rami ce kawai. Duk inda aka ga zinariya, kafin mako ya zagayo mai ruwa da mai man fetur da mai shayi da mai nama da direba sun kafa rumfa, wasunsu ma sun fi mai haƙa samu. Su ma watanni suke yi ba iyali, su ma a garuruwan nan suke kwana, kuma kuɗi ya fi zama a hannunsu.

Sai maganar tari. Ƙurar dutsen da ake fasawa da niƙawa tana cinye huhu sannu a hankali, huhun da ya raunana kuma tarin fuka ya fi saurin kama shi, tarin fuka kuwa shi ne ya fi kashe masu ɗauke da Sida a duniya. Duk wanda ya dawo daga zinariya yana tarin da ya wuce mako biyu, da zufan dare da rama, kada a tsaya jiƙe-jiƙe da turare, a kai shi a auna majina a auna jini gaba ɗaya, maganin tarin ma kyauta ne.

Wanda kuma ya riga ya san yana da cutar, yana shan magani, ya kuma ga dole sai ya koma arewa, to kada ya hau mota sai ya je ya gaya wa likitansa wata nawa zai yi. Ana iya haɗa wa wanda jikinsa ya daidaita maganin watanni a tafi da shi, a kuma rubuta masa takardar da zai nuna a Agadas ko Arlit idan ya ƙare. Daga Tawa zuwa Agadas kaɗai kimanin kilomita 400 ne, daga can zuwa ramukan kuma sai an ƙara ɗaruruwa cikin rairayi, ga kuɗin mota ga 'yan fashi, ba wanda zai baro rami ana tsakiyar samu don kwalbar magani. Idan kuwa aka yanke shan sa na 'yan makonni ƙwayar takan farfaɗo, wani lokaci ta dawo da taurin kan da maganin farko ba zai ƙara yi mata komai ba, sai an sauya wani.